Hoton da Ka Ɗauka a Gindin Itace

Zuwa ga ƙanena Nazir,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, Allah Ya ba ka sa'ar karatu a can Japan. Mu nan Garhanga lafiya lau, an yi girbi, gero ya yi kyau.

Nazir, ni na goye ka, na san lokacin da kake ɓoye abu. Da ka samu bursu, wato tallafin karatu, ka ce tsohon harshensu da tarihinsu za ka karanta. To, mene ne wannan hoton da ka turo a waya? Ga ka gaban wani ƙaton itace da aka ɗaura wa igiya da fararen takardu, ka haɗa hannuwa, ka sunkuyar da kai. Alƙasim ɗan maƙwabcinmu ya bincika, ya ce jami'ar taku har masu yi wa wuraren bautarsu hidima take koyarwa. Ka ce duk baƙo haka yake yi don ladabi. Ladabi ga itace? Ni dai raina bai kwanta ba.

Kuskurena, na nuna wa kakarmu Goggo hoton. Ka san ta, har yau ba ta manta da tsamiyar bayan dutse ba, inda kakanninmu suke yanka kafin su musulunta. Ta yi ta guɗa, wai jini ba ya ƙarya, jikanta ya je ƙarshen duniya ya gano hanyar gida. Washegari ta dama gumba, ta kai gindin tsamiyar ta zuba da rana tsaka, mata masu ɗebo ruwa suna kallo.

Yanzu a rijiya an koma kiranmu gidan azna, sunan da Baba ya tsufa yana kiran salla kafin ya kankare mana shi. Liman bai ce masa komai ba. Baba da kansa ya miƙa wa mataimakinsa Zaharaddini lasifikar masallaci, ya ce ba zai ƙara kira ba sai ya ji daga bakinka ko wa ka sunkuyar wa kai. Kada ka yi mini bayanin ƴan boko. Ka kira Baba, ka faɗi gaskiya ko da ba daɗi.

Inna, Sakina da Hamisu suna gaishe ka, Goggo kuwa gaisuwarta ta fi ta kowa yawa. Na tambayi Baba ko in sa tasa, ya ce in bari tukuna.

Yayarka,
Shafa'atu