Aljanar da ke Bakin Aziza

Unguwar Rimi,
Kaduna.

Zuwa ga ƙanena Ɗayyabu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da abokan aikinka a can Fatakwal. Allah ya ƙara maka lafiya, ya tsare ka a hanya da wurin aiki, ya sa albarka a guminka. Mu nan sai godiya. Ƙafata ta yi sauƙi, har ina zuwa islamiyya ba tare da na hau keke ba. 'Yata Hassana ta sauka lafiya, an samu namiji, an mayar da sunan Baba, wato Musa. Ɗana Anas kuma ya gama jarrabawa, yana zaune a gida yana cinye mini tuwo.

Na zaɓi in rubuto maka ne maimakon in kira, saboda na san halinka a waya. Kai za ka yi tambaya, kai za ka ba kanka amsa, in na buɗe baki ka ce layi ba kyau. Takarda kuwa ba ka da yadda za ka katse ta. Abokin aikinka Tukur zai kawo maka ita hannu da hannu, kuma ina so ka karanta har ƙarshe, domin raina a ɓace yake, kuma da kai nake.

Ranar Talata na je Unguwar Sarki duba iyalinka, sai na tarar da 'yarka Aziza a gida da hantsi, lokacin da 'yan'uwanta suke aji. Da ƙyar matarka Ummulkhairi ta faɗa mini abin da ya faru. Wai malamar ajinsu ta aiko cewa yarinyar tana magana ita kaɗai in an ba ta karatu. Uwar ta laɓe a bakin taga tana kallonta tana aikin gida, sai ta ji tana magana da wata murya irin ta tsohuwa, har tana ɗaga wa kanta yatsa. Ta tsorata ta kira ka. Kai kuma, ba ka ga yarinyar ba, ba ka ji muryar ba, ba ka tambayi kowa ba, ka yanke hukunci daga nesa cewa iska ce, a kai ta wajen wani mai ruƙiyya a Kinkinau, a kuma dakatar da ita daga makaranta sai ta warke. An kai ta ranar Asabar. An riƙe hannuwan yarinya 'yar shekara bakwai, an turara mata hayaƙi har tana tari, ana daka mata tsawa a kunne wai mai maganar ta fita.

Na daure na tambayi Ummulkhairi abin da aljanar take faɗa. Ta ce tana cewa ne a tsaya, kada a yi gaggawa, a dubi harafin farko, a haɗa shi da na gaba, a tambayi kai ko abin da aka karanta ya yi ma'ana, in bai yi ba a koma baya. Ɗayyabu, na rasa dariya zan yi ko kuka. Waɗannan kalmomina ne, ɗaya bayan ɗaya. Muryar tsohuwar tawa ce, yatsan ma nawa ne. In aljana ce a bakin 'yarka, to ni ce, sai ka aiko a turara mini hayaƙin.

Ka manta a wurina ta yi dogon hutun bara? Ta zo mini ba ta iya karanta layi ɗaya ba, kuma ba don ba ta da kai ba. Ta san haruffanta tsaf. Abin da ta kasa shi ne riƙe kanta. Idonta yana riga bakinta gudu, ta ga farkon kalma ta cinci sauran, ƙadangare ya gifta a kan katanga shi ke nan ta bi shi da ido ta manta inda take. Mako shida muna zama a kan tabarma a gindin mangwaron nan, kullum da safe, ina maimaita mata waɗannan kalmomi har suka zauna mata. Ranar da na ji ta fara faɗa wa kanta su ba tare da na buɗe baki ba, na yi murna kamar an ba ni kujerar Makka.

Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyar da 'yan aji ɗaya da aji biyu kafin in yi ritaya, kuma abin da na gani ke nan a kan ɗaruruwan yara. Yaro ba ya zuwa duniya da linzamin hankalinsa a hannu. Muryar babba yake ara ya riƙa tsawata wa kansa da ita. Da farko da ƙarfi, daga baya ya koma raɗa, sannan leɓe kawai ke motsi, a ƙarshe maganar ta shige ciki ba mai jin ta. Aziza ta kusa kaiwa ga raɗa. Da kun ƙyale ta, kafin ƙarshen zangon nan ba wanda zai sake jin komai. Marigayiya Inna fa? Ba ta taɓa haɗa miya ba sai tana lissafa wa kanta abin da ta zuba da abin da ya rage, wa ya taɓa kai ta wajen malam? Kai kanka da kake koyon mota a filin makaranta, ina bayan motar ina jin ka kana gaya wa ƙafarka abin da za ta taka.

Yanzu ga abin da kuka jawo. Na ɗora mata littafin da ta karance mini tas a watan jiya. Ta damtse leɓɓanta, ta fyaɗa cikin shafin a guje, ta ga kalmar kasuwa ta ce kaza, ta tsallake layi biyu ba ta ma sani ba. Da na tambaye ta labarin me ta karanta, sai ta sunkuyar da kai. Aikin da muka yi mako da makonni kuna neman rushe shi a yini ɗaya, kuma abin da ya fi ƙona mini rai, yanzu littafin kansa take tsoro.

Ban ga laifin Ummulkhairi sosai ba. Yarinya ce, ita kaɗai da yara, tsoro ya kama ta. Malamar ma yara saba'in ne a gabanta, ko wane motsi damunta yake yi. Kai nake tuhuma, kai da ka yi karatu har ka ƙoshi, kana da yaya malamar makaranta a gari ɗaya da iyalinka, amma ka kasa kiranta minti biyu. Matambayi ai ba ya ɓata. Kada kuma ka ce na musanta iska ko na raina ruƙiyya. Alƙur'ani waraka ne, a kansa zan mutu. Amma ba a ɗura wa mai lafiya magani, kuma wanda ya kasa bambance yarinya mai koyon karatu da mai taɓin aljanu bai kamata a miƙa masa 'ya'yan mutane ba.

Don haka ka sani, na taho da Aziza gidana, da yardar uwarta. Na ji ka ce a mayar da ita Kinkinau Asabar mai zuwa. Ba za ta je ba. Ranar Litinin ni da kaina zan kai ta makaranta, in zauna da malamarta in yi mata bayani. In ba ka yarda ba, hanyar Kaduna a buɗe take, ka zo ka karɓe ta daga hannuna ido da ido.

Akwai abu ɗaya da ya fi ƙarfina. Jiya da safe ina yi mata kitso, sai ta tambaye ni a hankali ko in ta yi maganar a cikin zuciyarta kawai, Abba zai gane ya sa a mayar da ita wajen mai hayaƙi. Na ce mata lafiyarta ƙalau, ba abin da ke jikinta. Ta dube ni, kuma na ga ba ta yarda ba, domin a wurinta ni ce mai muryar da aka ce a fitar. Daga bakinka aka ce ba ta da lafiya, daga bakinka kawai za ta yarda ta warke. Ka kira wayata, ka ce a ba ka ita, ka gaya mata ka yi kuskure, ka ce ta karanta maka shafi ɗaya da ƙarfi yadda ta saba. Girmanka ba zai zube ba.

Maigidana Malam Tijjani yana gaishe ka, haka Hassana da jaririnta, da Anas. Ummulkhairi ma tana gaisuwa, kada ka yi mata faɗa a kan wannan. Ka gaishe mini da Tukur in ya huta gajiyar hanya. Aziza kuwa ba zan ce tana gaishe ka ba. Na tambaye ta saƙon da zan rubuta maka, sai ta tashi ta shige ɗaki.

Allah ya shirye mu baki ɗaya.

Yayarka,
Kaltume