Na Nemi Ruwa, Kwamfuta Ta Zagi Liman

Zuwa ga masu ƙera baƙin allon kwamfuta, duk garin da kuke,

Don Allah ku ajiye abin da kuke yi ku saurare ni yanzu-yanzu, tattasaina mutuwa yake. Assalamu alaikum, ranku ya daɗe. Ina gajiya, ina iyali? Ku yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa, sauri nake yi. Ni ce Kaka Falmata, a bayan Nguru nake, bakin fadama. Ban yi boko ba. Ina faɗa ne, Hauwa matar maƙwabcina tana rubutawa, kuma na ce kar ta gyara min magana.

Jikata Zara, mai aikin kwamfuta a Gashua, ta ga hannuna ya gaza jan igiyar injin ban-ruwa, sai ta haɗa min 'yar kwamfuta da sola a rumfar gona. Allonta baƙi ƙirin, ba hoto, sai rubutu kamar tururuwa. Ta ce abar tana riƙe duk umarnin da aka taɓa ba ta, wani kan wani kamar jeren kwanuka. Ta ɗiga jan farce a maɓallin kibiya mai kallon sama. In na danna shi sai ya ɗauko na saman, wato na ruwa, in danna babban maɓallin, inji ya tashi, ya gama ya kashe kansa. Tun farkon rani haka nake yi lafiya lau.

Abin da ba a gaya min ba, ashe Zara tana iya zuro hannu cikin abar daga can Gashua. Akwai lasifika da ta ɗaura a sanda don korar jan-baki daga shinkafa, kuma muryata ta ɗauka ta zuba a ciki, don duk fadamar nan ba mai korar tsuntsu kamata. Ran kasuwa da sassafe ta gwada lasifikar, ina gida ban ji ba. Kwamfutarku ta ɗauki nata ta ɗora a kan nawa, ko sallama babu.

Na zo da hantsi, na yi bisimilla, na danna. Ruwa bai zo ba. Sai na ji ni a sama ina ihu, ku tashi ɓarayin banza, kun cinye na bara kun dawo! Ga ni kuma a ƙasa baki a rufe, wallahi sai da na taɓa shi. Daidai nan Malam Bukar limaminmu ya kunno kai a kan keke, shi da na kai wa kwandon tattasai sadaka bara. Keken ya yi gabas, Malam ya yi cikin taɓo. Na ruɗe na sake dannawa don ta yi shiru, sai ta maimaita masa tun daga farko.

To ga kukana.

Na ɗaya, abin da na ba ta a rumfata nawa ne, na Zara kuma nata ne. Kowa da jerensa. Ko tukunya ɗaya muke ci ai ba a zuba min tuwo a aljihu.

Na biyu, maganar nema. Mun samu Zara a waya da ƙyar, ta ce Hauwa ta danna maɓalli biyu tare ta rubuta ruwa, abar za ta tono mana. Kafin ta ƙarasa waya ta yanke. Hauwa ta danna ta ƙara dannawa, ashe kowace dannawa ƙara nutsawa baya take. Abar ta je ta ciro umarnin da Zara ta wanke tankin ruwan gonata da shi tun da kaka. Mun ga an rubuta ruwa a jikinsa muka yarda, muka danna. Ɗan abin da ya rage a tanki duka ya tsiyaye kan hanya, awakin mutane suka sha. Haba jama'a! Mai shagon unguwarmu ko baki ban buɗe ba ya san goro na zo saye. In an ce ruwa, ta jero duk waɗanda ta samo a gani, wanda aka fi nema kullum ya zauna a sama, kar ya motsa.

Na uku, duk umarnin da zai yi ihu ko ya zubar da abu, ta tsaya ta tambaya tukuna. In tambayar a rubuce ce, ta yi ja, ja dai na san shi.

Yanzu tsoron kibiyar nan nake, ban san me ke samanta ba. Hauwa ma ta rantse ba ta ƙara taɓawa. Ganyen tattasai ya sunkuya, fure ya fara zuba.

Ina roƙonku ku gyara. Allah ya yi wa hannuwanku albarka, ya raya muku zuri'a, ya tsare ku da jin muryarku a kan sanda. Wassalam.

Hauwa, tsaya, kar ki ninke. Waɗannan mutanen nesa suke. Ruga tasha ki samu direban da zai fara tashi Gashua, Zara za a fara gaya wa. Ta mayar min da umarnin ruwana sama, ta zauna a kan hannuwanta kar ta sake zuro su har in gama ban-ruwa. Liman ya jira ban-haƙuri, shi ba ya yaushi.