Ƙarfen Dunduniyar Takalmina

Zuwa ga mai amsa wasiƙu,

Ki taimake ni, don na yi shekara da shekaru da ƙorafi ɗaya ban sami mai saurarena ba. Me ya sa masu yin takalma suka ɗauka in mutum ya tsufa ya daina sanin abu mai kyau? Ka shiga shago ka ce kana son wanda ba zai matse ka ba, sai a miƙo maka wani abu mai faɗi kamar kwalekwale, ba igiya, ba sheƙi, sai maɗauri mai ƙara kamar ana yaga tsumma. Ni ban yi makaranta ba. Maƙwabcina mai shagon magani ne yake rubuta wannan, na kuma gargaɗe shi kada ya gyara mini magana. Amma takalmi kam na san shi.

Aski na yi duk rayuwata. Wanda ya sunkuyar da kai a gyara masa ƙeya, ƙafar mai aski yake kallo, shi ya sa ba a taɓa ganina da silifa a shago ba. Sau-ciki nake sawa, baƙi, na fata, mai tsinin baki, da ɗan ƙarfe a dunduniya. In ɗaya ya mutu sai in nemo irinsa, in sa a cire ƙarfen a mayar.

Yanzu ga ciwon suga. Ƙafar tana kumbura kafin la'asar, ƙaramin yatsana ya sale ya ƙi warkewa. Likita ya ce in ban rabu da takalmin nan ba, wata rana zancen yanka za a yi. 'Yata ta sayo mini kwalekwalen, ta ɓoye nawa a saman kabad. Na taka kujera na sauko da abina. Ta ce taurin kai ne, ƙanena ya ce tsufa ne ya zo mini da son gayu. To, gayun akwai, ba zan yi ƙarya ba. Sai dai akwai abin da ban faɗa musu ba.

Uwar 'ya'yana idonta ya tafi, tunaninta ma ya fara bin bayansa. A bene muke zaune, kuma tun muna sabon aure take gane takuna daga ƙasan matakala, kafin in kai ƙofa ta ɗora ruwan shayi. Yanzu 'yarta ma takan kira ta da sunan tata yayar da ta rasu. Muryata wani lokaci ta ɗauka ta mahaifinta ce. Amma da ta ji ƙwas-ƙwas ɗin nan sai ta gyara ɗankwali, ta juyo da fuska wajen ƙofa, ta ce mai aski ya dawo.

Ranar da na yi wa 'yata biyayya na sa sabon, na shiga na yi sallama, na zauna kusa da ita. Ta janye hannunta. Cikin ladabi ta tambaye ni ko na ga maigidanta a hanya, wai ya daɗe bai dawo ba. Na tashi na ɗauki tsohon, na sauka ƙasa na sa, na sake hawowa. Ta yi mini faɗan daɗewa, ban taɓa jin daɗin faɗa irin na ranar ba.

Wannan ba maganar da uba zai yi da 'yarsa ba ce, kuka za ta sa mini. Likita ƙafa kawai yake gani. Masu shago dariya suke yi. Ke aikinki amsa ne, to ki amsa mini: ƙafar zan riƙe, ko matar da take jiran takuna? Kada ki ce in yi haƙuri, na ji wannan har na ƙoshi.

Tsohon mai aski

Baba,

Ba zan ce ka yi haƙuri ba. Zan ce ka cire takalmin nan yau, ba gobe ba. Likita bai faɗa don ya tsorata ka ba, ciwo a ƙafar mai suga ba ya jira. In aka yanke ƙafar, wane taku Mama za ta ji a matakala?

Amma kai ma kana da gaskiya, kuma ba a saurare ka ba. Ka lura, ba tsinin takalmin Mama take ganewa ba, tunda ba ta ganinsa. Ƙarar ƙarfen take ji, kai kuma da bakinka ka ce ka saba mayar da shi daga tsoho zuwa sabo. Ka nemi mai ɗinka takalma na hannu, ya auna ƙafarka da yamma lokacin da ta kumbura. Ya yi maka baƙi na fata mai laushi, mai faɗin baki, da igiya yadda za ka sassauta, ba ɗinki mai kaifi a ciki, da dunduniya mai tauri da za ta riƙe ƙarfenka. Ya bar roba a sauran tafin saboda santsi. Irin wannan yana shan mai ya yi sheƙi kamar wancan. Ka nuna wa likita kafin ka fara sawa. Kafin a gama ɗinkin, a buga ƙarfen a ƙasan sanda, ka riƙa hawa da ita. Ka gwada kana yin sallama tare da ƙarar, ko Allah zai sa ta haɗa su.

Sannan ka faɗa wa 'yarka. Za ta yi kuka, ka bar ta ta yi. Tsoron rasa ƙafarka ne ya sa ta ɓoye takalmin, kuma ita ma kullum tana shiga ɗakin uwar da ba ta gane ta. Wataƙila ita ce ma za ta riƙa duba maka yatsun kowace safiya.

Allah ya ba ƙafar lafiya, ya sa Mama ta daɗe tana yi maka faɗan daɗewa.