Kunun kanwar Inna da zuciyar matata

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya kulle.

Ni direban kamiyo ne, wato babbar motar kaya, a Gaya, Kwatano nake zuwa ɗaukar kaya. Matata ta haifi ɗanmu na fari, bayan suna sai ƙafafunta suka kumbura, numfashi ya fara gagararta, ko tsakar gida ta ratsa sai ta dafa bango. A asibiti aka ce zuciyarta ce ta yi rauni, ba ta tura jini yadda ya kamata. Malamar jinyar da ta sallame mu ta zaunar da ni ta ce ba gishiri, ba kanwa, a rage ruwan sha, a bar wankan jego da tafasasshen ruwa, ta riƙa kwanciya a jingine da matasai, kuma kada a tsallake magani ko ta ji sauƙi.

Matata marainiya ce, don haka Innata ta taso daga ƙauyenmu na wajen Tanda ta zo jego, kuma wallahi tana sonta kamar ita ta haife ta. Amma a wurin Inna kumburin nan sanyi ne ya shiga jikin mai jego, maganinsa kunun kanwa da ruwan zafi, haka aka yi mata a haihuwarmu duka. Na lallashe ta, na kai ta wurin malamar, ta saurara ta ce to, muna dawowa gida ta aza tukunya. Ranar da na ɗaga murya kuka ta yi, ta ce na mai da ita mai kisan kai.

In ina gida ina tsarewa, amma motar ba tawa ba ce, dole in tafi. Wannan dawowar na tarar an yanke zoben hannun matata saboda kumburi, barci ma a zaune take yi. Na tambaye ta don me take shan kunun, ta ce ba za ta iya mayar wa Inna da ƙwarya ba. Da na ce zan mayar da Inna ƙauye sai ta riƙe hannuna ta ce, "Kada ka ɓata mata rai a kaina, ita za ta riƙe maka yaron nan."

Tun daga lokacin ban da sauran ƙarfi. In na kori uwata ba mai ɗaga matata ko ba ta magani, in na bar Inna kuma na san me ke cikin ƙwaryar. Jibi zan yi lodi. Jama'a, wa zan bar wa matata?