Katunan da Mama Ba Ta Taɓa Ba

Gwaggo mai wannan fili, ina gaisuwa. Don Allah ki agaza mini da shawara tun lokaci bai ƙure mana ba, domin kaina ya ɗaure, kuma a gidanmu kowa ni ya zuba wa ido.

Mahaifinmu malamin Turanci ne, ya koyar har ya yi ritaya. Tun muna yara yake rubuta littafi guda ɗaya, wanda zai fayyace wa mai jin Hausa bambancin kalmomin Turanci masu kama da juna. Ba a kan takarda yake aikin ba. Kwalin sabulu da na ganyen shayi yake yankawa ƙanana, kowace kalma da katinta. Mun tashi a gidan da ba a yar da kwali, wanda ya yar kuwa ranar sai ya gane kurensa.

Mama ba ta yi boko ba, ko gaisuwa ba ta iya da Turanci, amma ita ce alƙaliyar littafin. Baba yakan ja kujera bakin ƙofar kicin, tana aiki yana yi mata bayani da Hausa. In ta gane har ta kawo misali nata na kanta, sai ta karɓi katin da hannunta ta jefa cikin wani tsohon akwatin ƙarfe. In ba ta gane ba, ta ce masa, "Malam, koma ka ƙara wuta, bai nuna ba." Shi ya sa duk katin da ke akwatin nan akwai tabon yatsanta, wani na mai, wani na baƙin tukunya. Mu 'ya'yansa cewa ya yi ba mu da amfani a wannan aikin, tunda mun ji Turanci muna gyaɗa kai tun bai rufe baki ba.

Babi ɗaya ya rage, na kalmomin da ke nufin cika da kammaluwa, irin su complete da whole da entire da full. Tare suka fara shi. Na tuna ta ce masa tulu yana iya cika da ruwa alhali bakinsa a ɓalle yake, wani kuma lafiyarsa lau amma babu ko ɗigo a ciki, to wanne Turawan suke nufi? Ya yi dariya har da tari, ya ce ta ɗora masa sabon aiki. Kafin ya kawo mata amsa ciwo ya kwantar da ita, daga asibiti ba ta dawo ba. Katunan babin suna nan a ɗaure da roba, fes da su, ba tabo ko ɗaya.

Bayan rasuwarta na gwada zama a kicin ɗin ina yi kamar ban gane ba. Ya dube ni ya ce in daina wasan kwaikwayo. Na kawo masa ƙanwar Mama, ita ma ba ta yi makaranta ba, amma kunyarsa take ji, duk abin da ya faɗa sai ta ce haka ne. Ya tattara katunansa ya shige ɗaki.

Yanzu shanyewar ɓarin jiki ta kama shi. Likita ya ja mu gefe ya ce mu dage da addu'a, kin dai san abin da hakan ke nufi. Idonsa ya yi rauni, magana da ƙyar, kuma yakan manta Mama ta rasu. Kullum da safe ina goge masa jiki sai ya riƙe ni da hannun da ya rage masa, ya ce, "Ta gane?"

Yayanmu ya ce in haɗa babin da kaina daga katunan, a buga kwafi ɗaya a ɗora masa a ƙirji, a ce masa ta gane. Har ya ce a shafa wa katunan ɗan mai da yatsa ko da zai nemi ya gani. Ranar na ji haushinsa ƙwarai, amma ban iya zaginsa ba, don shi ke ɗaukar Baba zuwa banɗaki, shi ke aske masa gemu yana ɓoye hawaye. Ƙanwarmu kuma ta ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, taurin kan Baba na gada, zan bar tsoho ya tafi da baƙin ciki saboda guntun kwali. Wataƙila gaskiyarta. Amma mutumin nan bai taɓa ba ɗalibi makin da bai ci ba, ko da ɗan uwansa ne. In ya yi tambayar, sai in yi shiru in hau gyaran filo, yana bina da ido, shirun ma yana cina. Gwaggo, in yi ƙaryar, ko in bar shi ya tafi yana tambaya?

'Yar Malam ta tsakiya

'Yata, Allah ya jiƙan mahaifiyarku, ya sassauta wa Malam.

Da farko ki sauke fushin da kike yi da yayanki. Wanda ke ɗaukar uba a kafaɗarsa ba mayaudari ba ne, tausayi ne ya rufe masa ido, yana so tambayar nan ta daina yanka shi. Ƙanwarki ma tana da gaskiya a abu ɗaya: shirun da kike yi ba kyauta ba ne. Marar lafiya yana karanta fuska fiye da yadda muke zato, kuma kullum kina barin shi a rataye.

Amma maganar mai a yatsa, kada ku soma. Mutumin da ya kama ki kina wasan kwaikwayo a bakin kicin, kada ki raina abin da ya rage masa. Masu irin ciwon nan hankalinsu yakan dawo ba zato. In ya dawo ya tarar an ƙirƙiro hannun matarsa, da me za ku wanke kanku? In ma bai gane ba, ke za ki rayu da abin bayan shi.

Kun ƙura wa ɗaurin roba ɗaya ido, kun manta da akwati guda. Ga abin da nake gani. A buga littafin yadda yake, kuma a hanzarta, a ba yayanki wannan aikin don hannunsa ya samu abin riƙewa. Babin ƙarshe a sa shi kamar yadda Malam ya bar shi, da tambayar tulun nan, a rubuta a fili cewa mai tantancewa ta rasu ba su gama ba. Sunanta kuma ya hau bangon littafin kusa da nasa, domin littafin mutum biyu ne. Ba lallai ki riƙa tuna masa rasuwarta kowace safiya ba, wannan sabunta masa makoki ne. In ya tambaye ki kai tsaye ina take, ki faɗa masa a hankali, kina riƙe da hannunsa.

Gobe, kafin ki ɗebo ruwan goge jiki, ki jawo akwatin ƙarfen gefen gado. In ya yi tambayarsa, ki zaro kati ɗaya mai tabo, ki karanta masa, ki faɗi misalin da ta bayar in kin tuna, sannan ki ɗora yatsansa a kan tabon nata ki ce, "Wannan ta gane, Baba." Jibi ki zaro wani. Ina jin nauyin faɗa miki, amma katunan da ke akwatin nan sun fi safiyoyin da suka rage masa yawa, ba za su ƙare miki ba.

Allah ya ba ku juriya, ya sa ya riƙe littafinsa da hannunsa.