Mun Ɗaga Dokin Ƙofar Yaya Dije

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, manya da yara, ina gaishe ku da zaman Legas da ruwan da ake ta sha. Admin, 'yata, Allah ya yi miki albarka, ni ban yi boko ba, da baki na faɗa miki, ki rubuta yadda na faɗa, ki ɓoye sunana, sunayen da zan kira ma ba na gaskiya ba ne. Don Allah ku ba ni shawara, kwanakin da suka rage mini kaɗan ne.

Ni tsohuwa ce, a Agege na haifi 'ya'yana, a nan aka binne maigidana, ya yi rayuwarsa yana aikin fawa a abbatuwa. Gidan haya muke, irin mai dogon lungu, ɗakuna suna kallon juna, bayansa kuma babbar gwata ce da ke zubawa cikin kanal. Mu uku ne tsofaffin gidan. Ni, da Hajiya Balki mai kayan miya, da Yaya Dije mai kitso. Yaya Dije ta girme ni, ƙofarta na kallon tawa. Shan inna ya same ta tun tana 'yar yarinya, tun daga nan ƙafafunta ba su sake ɗaukarta ba, da hannu take tafiya, ta zura silifas a tafin hannu ta ja jiki. Amma kada ku ɗauka abar tausayi ce, ba ta taɓa miƙa wa kowa hannu ba. Da kitso ta ci ta sha, da kitso ta aurar da 'yarta tilo. Damtsenta kamar na masu ɗaukar cinyar sa, in ta kama miki gashi sai kin ji girarki ta koma ƙeya.

In an yi la'asar mukan shimfiɗa tabarma a lungu mu zauna. Hirarmu ba ta wuce ta ruwan sama da ta zamanin da. Hajiya Balki kullum kukanta ruwan Legas ba shi da kunya, a gida sai hadari ya haɗu, iska ta yi sallama, kaji sun shiga akurki, kana ruwa ya sauko, nan kuwa rana na dukanki ruwa na dukanki. Sai Yaya Dije ta ce mata, “Hajiya, ke mai ƙafa kina kuka da ruwa, ni da nake gaisawa da shi hannu da hannu in ce me?” Mu yi ta dariya. Daga nan sai ta shiga labarin yadda abin ya same ta, mun ji shi har mun haddace, amma ba mu taɓa katse ta ba. Ta ce da damina ne, tana bin 'yan awaki da gudu, zazzaɓi ya kwantar da ita, da ta tashi ƙafa ta zama kamar jiƙaƙƙen tsumma. Uwarta ta goya ta gari gari, wannan ya ce Inna ce ta sha, a zuba mata nono a gindin tsamiya, wancan ya ce a binne ƙafar cikin yashi mai ɗumi, wani ya yi mata tsaga, har yau tabon na nan a ƙaurinta. Hajiya Balki ita ma ta tuno ƙanenta da abin ya kama a wuya da ƙirji, shi bai kai Sallah ba. Shi ya sa duk ranar da masu ɗiga wa yara magani a baki suka shigo gidanmu, in wata ta ɓoye ɗanta a ɗaka, Yaya Dije ba ta yi mata wa'azi, zuwa take har ƙofarta ta yaye zane ta ce, “Duba nan, 'yar nan, sai ki zaɓa masa.”

Abin da ba mu cika son taɓawa ba shi ne Babbar Sallah. Da zarar an sayar da raguna, gidanmu yakan watse. Samarin da ke kwana a shagon waje su tafi, masu iyali su kwashi yara su tafi, Hajiya Balki ma ba ta taɓa yin Sallah a Legas ba. Kwaɗo a kowace ƙofa. Wanda ke ragewa wani Bayarabe ne da ke aiki a tashar Iddo, fitar asuba yake, sai an yi barci ya dawo. Saura ni da Yaya Dije. Shekara da shekaru haka muke yi, mu dafa 'yar shinkafarmu, ɗana ya aiko da nama, mu zauna a lungu muna jin kiɗan Yarbawa daga wancan layi. Takan ce mini, “To, uwar gida, yau mu ne lanlod, mu ne masu gidan.” Ni ban taɓa jin kaɗaicin ya yi mini nauyi ba, tunda tana nan.

Ana nan, ana nan, daminar bara ruwa ya cika gwata ya shigo mana lungu, ya shiga ɗakuna. Mazan gidan suka zauna suka ce kowa ya ɗaga dokin ƙofarsa da bulo da siminti, kamar yadda ake yi a layinmu. Da aka zo kan ɗakin Yaya Dije, don ƙauna, aka ce ita ce a ƙasa, nata ya fi na kowa tsawo. Aka yi karo-karo, ba ta ba da ko kwabo ba, aka ƙara mata layin bulo a kan na kowa, ya kai gwiwar babban mutum. Ni da bakina na ce wa magini ya ƙara. Ita kuwa ta yi godiya, ta dafa shi da hannu biyu ta wurga jikinta ta haye kamar yarinya, kowa ya tafa mata. Ba wanda ya kawo komai a ransa.

Kwanci tashi, bana na fara lura kitson da take yi mini ba ya daɗewa. Da sai na gaji da shi na kwance, yanzu kafin Juma'a ta zagayo ya saki. Na ga tana ajiye tsinken tsaga tana yarfe hannu. Na tambaye ta, ta ce gashina ne ya tsufa ya ƙi kamuwa. Na ga ta sauke katifarta ƙasa, ta ce zafi. Na yarda.

Ranar da idona ya buɗe, na je ganin likitan ido ne can Idi-Araba, ruwa ya tsinke da azahar, motar danfon da na shiga ta tsaya cik a go-sulo, cunkoso ba gaba ba baya. Da na iso gida lungu ya zama rafi, kowa na ƙofarsa da bokiti yana kwalfa. Na leƙa ɗakinta. Jama'a, ruwa ya haura bulon ya zuba ciki, kuma ba shi da hanyar fita, ɗakin ya zama kamar baho. Tana zaune a ƙasa ta rungume ƙafar gado, katifa na yawo a gefenta. Ruwan da ya zo mini gwiwa, ita a ƙirji yake. Ta yi ta gwada hawa gadon hannu ya ƙi, ta gwada bulon ya ƙi. Kuma ba ta yi ihu ba, mutane na nan a lungu, taku kaɗan tsakaninsu, ta yi shiru. Ga soket ɗin wuta nan ƙasa ƙasa a bango, Allah ne ya sa an ɗauke wuta. Ban san inda na samo ƙarfi ba, na shiga na kama ta ta hamata na ja ta kan gado, muka faɗa tare, jikinta sanyi kamar randa.

A kan gadon nan ta gaya mini. Ta ce hannuwan sun daɗe suna mutuwa a hankali, ta kafaɗa abin ya faro. Ta ce, “Inna ce ta dawo karɓar abin da ta bari.” Na ce Yaya ki bar wannan magana, mun yi karatun islamiyya da tsufanmu, mun san babu mai yi sai Allah. Ta ce ta sani, amma jikinta ya gane baƙon da ya taɓa zuwa. Sai ta riƙe mini hannu ta ce in rantse da Allah ba zan gaya wa kowa ba, musamman 'yarta. Ina kuka, tana rawar sanyi, na rantse.

Dalilinta kuwa ga shi. 'Yar tata na aure a Ikorodu, a saman bene suke, can ƙololuwa. Sau ɗaya ta taɓa yin Sallah a can. Da aka zo hawa, babu yadda za a yi, surukinta ne ya durƙusa ya goya ta a bayansa, maƙwabta na kallo. Mutumin kirki ne, da zuciya ɗaya ya yi, amma ita ta ce da ƙasa ta tsage da ta shige. Ta ƙare Sallar nan a bakin taga, ba ta sauko ba sai ranar tafiya, don kada ya sake goya ta. Ta ce in 'yarta ta ji, ranar za ta zo ta kwashe ta, daga nan kuma ba kitso, ba tabarmar la'asar, ba ƙasa, sai ranar da za a sauko da ita a makara.

Tun daga ranar ni ce hannunta. Kafin mutane su fito nakan shiga, in shimfiɗa tsohon bargo a kan bulon, in kama ta in tsallakar da ita ta je bayi ta yi alwala. Ta wuni a lungu, da magariba in mayar da ita. In wani ya gan mu sai ta ɗaga murya ta ce, “Kun ga tsohuwar nan, wai kokawa take so mu yi.” A yi dariya a wuce. Hajiya Balki ma ba ta sani ba, don bakinta ba ya riƙe magana.

To ga inda na tsaya. Jikata, takwarata, wadda na yi wa uwarta wankan jegonta da hannuna, za a ɗaura mata aure a garinmu can ƙasar Funtuwa, cikin hidimar Sallar nan. Babban ɗana ya kama mana kujera a mota, gidansa duka za su tafi. Da na ce masa ni ba za ni ba, ya yi tsammanin wasa nake. Da ya ga da gaske ne ransa ya ɓaci, bai taɓa ɗaga mini murya ba sai ranar. Ya ce in gaya masa wanda ya yi mini laifi, shi ne, ko matarsa, ko dangin ango. Na ce babu. Ya ce to me zai gaya wa mutane in an tambayi kakar amarya, na ce ya ce ƙafa ke damuna, ya ce ƙafar da nake zuwa kasuwa da ita kullum? Matarsa ta zo ta durƙusa tana ba ni haƙuri a kan laifin da ba ta yi ba. Yarinyar kuma ta kira ni a waya tana kuka, ta ce in ban zo ba ba za ta yarda a sa mata lalle ba. Ni kuwa bakina a ɗaure.

Na koma wa Yaya Dije na ce ta warware mini rantsuwar, ta ƙi. Na ce a fasa bulon, ta ce lanlod zai tambaya, mazan da suka yi karo-karo za su tambaya, kuma in an fasa, ko yayyafi aka yi ruwa na ɗakinta. Na ce ta koma ɗakina, ta tuna mini nawa ma da bulo, ɗan layi ɗaya ne bambancin. Na ce mu tafi tare, ta ce ba ta da kowa a arewa yanzu, kuma wa zai ɗauke ta ya sa a mota, ya sauke ta a hanya in ta matsu? Muka yi faɗa sosai, irin wanda ba mu taɓa yi ba, ta ce na mayar da ita yarinya, ta rayu kafin ta san ni. Ta ce in tafi bikina, in bar mata ruwa a jarka da garin kwaki da fo a ɗaka, za ta zauna ciki har in dawo, ai ba kullum ake ruwa ba. Jama'a, damina ce tsakiyarta. Ba a kwana biyu sama ba ta zubo ba. In na rufe ido ɗakin nan nake gani, da kwaɗo a duk ƙofofin lungu, ba mai ji ko da ta yi ihun.

Jiya bayan mun shirya tsakaninmu ta kira ni ɗakinta, ta nuna mini akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado ta ce in jawo. Na buɗe, ta ce in ɗauko ƙullin da ke can ƙasa. Farin yadi ne, likkafaninta, da turare a naɗe ciki. Ta ce, “Sa shi a leda ki rataye mini a ƙusan can na sama kafin ki tafi, kada ya jiƙe.” Da murya ɗaya ta faɗa, kamar mai cewa a miƙo mata gishiri. Na rataye, na fito.

Don Allah 'ya'yana ku gaya mini. In karya rantsuwar in kira 'yarta, in yi kaffara, ko da Yaya Dije ba za ta sake kallona ba har ta mutu a saman benen nan? Ko in zauna, in bar ɗana da jikata da ciwon da ba zan iya gaya musu dalilinsa ba? Malamai na cikinku, rantsuwa irin wannan tana ɗaure mutum in rai na cikin haɗari? Masu aikin asibiti, da gaske ciwon nan yana dawowa hannu bayan tsufa, kuma akwai abin da ake yi masa? In akwai wata hanya da tsufa ya hana ni gani, ku nuna mini. Ranar Laraba motar za ta tashi, ni har yanzu ban ɗaure kaya ba, ban kuma ce a ba wani kujerar ba.