Notin da Na Samo a Mararaba

Zuwa ga Baba,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kuna lafiya. Yaya ƙafar Inna? Murja ta sauka kuwa? Ni lafiya lau, ɗakin maigadin da muke kwana mu uku ma na saba da shi.

Baba, wani abu ya tsaya mini a rai. Injin da nake yanke ciyawar gidan Oga da shi a Maitama, noti ɗaya cikin huɗun da ke riƙe da kansa ya faɗi, sai ya kama karkarwa kamar mai zazzaɓi. Ranar hutuna na je har Mararaba, na tona tarkacen wani bakanike na samo daidai da shi. Na sa sifana na ɗaure tam, inji ya koma aiki lafiya.

Washegari sai ga Oga da sabon inji a kwali. Na ce, "Oga, ai na gyara." Ya ce, "Ilyasu, ba a ajiye abin da ya sha gyara a gidan nan. Kai shi bola." Na ce to a bar mini, ya ce gidansa ba wurin 'yan gwangwan ba ne.

Wallahi ranar ko tuwo ban iya ci ba. Na tuna injin ban-ruwanku, shekara shida yana ɗaure da roba.

Na kai shi bolar, amma sai da na kwance notina. Ga shi cikin ambulan, a gwada a naku.

A sa ni a addu'a. Bayana ya fara ciwo, ban dai bari Oga ya sani ba.

Ɗanku,
Ilyasu